Zama da tsohuwar aku 'yar Kweka a ƙauye: tambayoyin da ake yawan yi min da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a. Ni dai malamin firamare ne a wani ƙauye da ke gefen Ringim, ina ɗan taɓa noma da kiwo kamar kowa, kuma akwai wata tsuntsuwa a gidana da duk baƙon da ya shigo zaure sai ya tsaya ya yi tambaya a kanta. Sunanta Tsanwa. Ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana aiki a Legas, can ya samo ta hannun wani baƙo ɗan ƙasar waje da zai koma gida, da ya yi ritaya ya dawo da ita Kano, da ya rasu a 2019 aka rasa mai ɗauka sai ni na ce a ba ni. Akwai ɗan zobe a ƙafarta da aka buga shekarar da aka ƙyanƙyashe ta, 2005, toh ka ga ba yarinya ba ce.

Tun daga lokacin ake ta yi min tambaya, wasu a gida wasu ta waya, har da masu aku irin namu na gida da ya tsufa a hannunsu ya canza hali suka rasa gane kansa. Shi ne na ce bari in zauna in rubuta su wuri ɗaya.

Malam, wai wannan ba tsiriya ba ce?

A'a, kama ce kawai. Tsiriyarmu ta nan doguwar wutsiya gare ta da jan baki, kuma kore ce shar tun daga kai. Ita wannan goshinta da ƙirjinta toka-toka ne kamar ta saka 'yar shara, bayanta kore, gashin fiffikenta na ƙarshe shuɗi, bakin kuma ruwan ƙasa mai haske. Tsawonta duka da wutsiya wajen santimita 29, nauyi kuma giram 100 da ɗan wani abu. Asalinsu Kudancin Amurka, wato Ajantina da Yurugwai da Faragwai da Bolibiya da kudancin Brazil. Turawa na ce musu Kweka. Kuma ba jinsinsu ɗaya da akun da muka sani mai launin toka da jan wutsiya ba, wancan na dazukan Afirka ne kuma ya ninka ta girma wajen sau huɗu.

Shekara nawa suke yi ne, kuma yaya ake gane tsufa ya zo?

In ana kula da su suna yin shekara 20 zuwa 30. Tsufan tsuntsu ba furfura yake yi ba balle ka gani a fuska, a ɗabi'a ake ganewa. Tsanwa da na karɓo ta, in na buɗe keji kafin in juya ta haye saman ƙofa, yanzu sai ta tsaya ta duba ta auna sannan ta sauko da baki da ƙafa a hankali. Barcin rana ya ƙaru. Wasa ya ragu. Tana son wurinta yadda ta san shi, ko gwangwanin ruwanta ka matsar daga hagu zuwa dama sai ta yini tana mita.

Amma fa a kula, ba komai ake jingina wa tsufa ba. Tsufa sannu yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Abin da ya canza cikin kwana biyu uku ciwo ne.

Da ba ta cizo, yanzu ko abinci zan saka mata sai ta kai min cafka. Ta zama muguwa ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yawa kuma ita ce ta fi damuna, don a kanta ake fara wulaƙanta tsuntsu, a kai shi bayan gida a rataye a manta da shi, ko a riƙa dukan keji da sanda wai ana koya masa hankali. Don Allah a daina. Ba mugunta ba ce wallahi.

Na farko, su 'yan Kweka an san su da tsaron gida tun suna da ƙuruciya. Kejin nan a wurinta ɗakinta ne, hannunka da ka zura kuwa kutse ne. Tsanwa in tana cikin keji ba ni ba ko kawu da ya raine ta yana shan cizo, amma in ta fito ta hau kafaɗata kamar ba ita ba, har kunnena take sosa min. Toh abin da nake yi shi ne ba na zura hannu tana ciki. Ina buɗe ƙofa in koma gefe in ba ta lokaci ta fito da kanta, sai na ɗora ta kan sandarta a waje sannan in share keji in canza ruwa. Tun da na gane haka cizo ya ragu sosai.

Na biyu, wanda ya shafi tsufa kai tsaye, shi ne ido da ƙafa. Tsohon aku yana samun yanar ido kamar yadda tsofaffinmu ke samu, ka duba tsakiyar ƙwayar idon a haske za ka ga ya yi fari-fari kamar hazo. Idon Tsanwa na hagu haka yake. In ka zo mata ta hagu ba ta ganinka sai kawai ta ji abu ya taɓa ta, kai ma a ce kana zaune a duhu aka dafa ka ba sallama ai sai ka zabura. Shi ya sa na koya wa yaran gida kowa ya yi mata magana tun daga nesa, ya kira sunanta, ya zo ta dama. Sai kuma ciwon gaɓɓai, in yatsunta na ciwo ka matsa mata sai ta hau hannunka, ba ta da bakin cewa a'a da ya wuce cizon.

Kuma tana gargaɗi kafin ta ciza, mu ne ba ma lura. Gashin wuya zai tashi, ta sunkuyar da kai ta buɗe baki, ta baza wutsiya. In ka ga haka ka janye kawai ka dawo an jima. In kuma ta riga ta cije ka, kar ka yi ihu kar ka yarfar da ita, ajiye ta a hankali ka juya baya ka ba ta minti biyu. Ihun ma wani lokaci burge su yake, sai su maimaita.

Me ya sa take satar tsinken tsintsiya da cokali tana cusawa a jikin keji?

Gini take yi. A duk akun duniya su ne aka sani da gina sheƙa da itatuwa, sauran yawanci rami suke nema a jikin bishiya. A ƙasarsu taruwa suke su gina gida guda mai ɗakuna da yawa, kowane miji da mata da ƙofarsu, ana ƙarawa shekara da shekaru har wani ya kai girman ƙaramar mota. Waɗanda suka kuɓuce daga keji suka bazu a birane irin su Madrid da Basalona da Niyok da Shikago wasunsu har a kan turakun wutar lantarki suke ginawa, masu wuta na ta fama da su.

Toh wannan abu a jininta yake, tsufa bai cire shi ba. Ni kullum da safe ina zuba mata ɓawon karan dawa da siraran rassan gwaiba da na zogale waɗanda na tabbata ba a yi musu feshi ba, ta yini tana saƙawa tana warwarewa. Aikinta ke nan, kuma tsuntsun da ke da aikin yi ba ya zama yana cin gashinsa. Abu ɗaya, kar ka rushe mata ginin a gabanta, in ya yi datti ka rage kaɗan-kaɗan lokacin da ba ta wurin. Kuma a kiyaye zare da leda da igiyar buhu, suna naɗe yatsa har ya mutu.

Yaya, an ce tana magana da muryar marigayi, ba abin tsoro ba ne wannan?

Da gaske ne tana yi. Tana cewa salamu alaikum da muryarsa, tana cewa wane ne, tana kiran sunan matarsa yadda yake kira, har tarin da yake yi in ya tashi da asuba tana kwaikwaya. Ranar da Inna, matar tasa, ta zo gidana ta ji, zama ta yi a bakin ƙofa tana hawaye, ni ma ban iya tsayawa ba. Wasu a gari sun ce aljani ne wasu sun ce kurwa, har aka ba ni shawarar in rabu da ita. Ba ko ɗaya. Shekara da shekaru tana jin muryar mutum ɗaya safe da yamma, ta haddace, kamar yadda ta haddace kukan akuyarmu da ƙarar wayata. Ni kam ban taɓa jin tsoro ba, in ta yi sallamar nan amsawa nake in yi masa addu'a.

Wata biyu na farko da ta zo ko uffan ba ta ce ba, abinci ma da ƙyar. Suna jin rashin wanda suka saba da shi ƙwarai. Zama kawai na riƙa yi kusa da kejin da yamma ina duba littattafan yara ina karantawa a fili, ban taɓa ta ba ban matsa mata ba, har ran da ta yi tarin nan.

Tsohuwa za ta iya koyon sabuwar magana?

Tana iyawa, sai dai ba da sauri ba. Tsanwa ta koyi sannu da zuwa a gidana. Abin da ake faɗa da motsin rai a lokaci guda kullum shi suke kamawa, don haka mai zagi a tsakar gida ya kiyaye bakinsa.

Ihun fa? Da asuba da magariba ba ta barin kowa ya sake.

Wannan ba za ka hana ba, haka Allah ya yi su, tsuntsayen garke ne, da safe su kira juna da yamma su kira juna. Ka lura ma lokacin ne duk tsuntsayen gari ke hayaniya a kan darbejiya. In ta yi kira ka amsa mata daga inda kake da fito ko da kalma ɗaya, so take ta san kana nan. Ihun da ya kamata ya dame ka shi ne na yini guda ba tsayawa, wannan kaɗaici ne ko tsoro ko rashin barci. Suna buƙatar barcin awa 10 zuwa 12 a duhu ba hayaniya. In kejin na ɗakin da ake kallo ko hira har sha ɗaya na dare, gobe za ka samu tsuntsu mai faɗa. Ni bayan isha'i nake kai ta ɗakin da ba kowa in rufa mata zane mara kauri in bar gefe ɗaya a buɗe don iska.

Shirwa ma in tana shawagi a sama Tsanwa na da wani kuka daban da take yi, kajin gidan har sun gane shi, da ta yi sai su ruga ƙarƙashin rumbu.

Me kake ba ta? Mu gyaɗa muke ba namu.

Toh a nan ne ake kashe aku da ƙauna. Kowa ya zo sai ya miƙa gyaɗa don yana son ya ga ta riƙe da ƙafa tana ɓarewa, ita kuma ba za ta ƙi ba. Gyaɗa mai ce zalla, su kuma 'yan Kweka an san su da saurin ƙiba da ciwon kitsen hanta, balle tsohuwa da ba ta tashi sama ba ta ƙona komai. Ga kuma gyaɗar da ta sha damshi a ajiya ta yi funfuna, tana ɗauke da guba mai lalata hanta, ko mu mutane tana yi mana illa balle abin da bai wuce giram 100 ba. Lokacin da Tsanwa ta zo min ƙirjinta cike yake da kitse, bakinta na sama ya yi tsawo fiye da ƙima, gashin ya dushe. Waɗannan duk alamun hanta ne.

Yanzu ga abin da take ci. Da safe ganye da kayan lambu, zogale ɗanye ko wanda aka ɗan turara ba gishiri, alayyafo, karas, kabewa dafaffiya, dankalin Hausa dafaffe, tattasai. Attaruhu ma tana ci hankali kwance, su tsuntsaye ba sa jin yaji. Da rana gero da dawa kamar cokali ɗaya, wani lokaci in jiƙa su kwana biyu su fara tsiro tukuna, ta fi son haka kuma ya fi sauƙi ga tsohon baki. Wake dafaffe lugub, ɗanyen wake kam a'a. Ɗan yankan gwanda ko gwaiba ko mangwaro ko kankana, kaɗan, don zaƙi ne. Dafaffen ƙwai ɗan mitsitsi sau ɗaya a mako. In wani zai shigo Kano nakan ba da saƙon abincin aku na kanti mai kama da ƙwayoyi, wanda aka haɗa shi da sinadaran da jiki ke so, in an samu a gauraya mata. Gyaɗa kuwa rabin ƙwaya, mai kyau wadda na ɓare da hannuna, sai ranar da nake son ta shiga keji ta ƙi.

Kar a canza wa tsohon tsuntsu abinci rana ɗaya, zai iya ƙin ci har ya galabaita alhali kwano cike. Ni sai da na yi wajen wata huɗu ina rage wancan ina ƙara wannan. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in ci a gabanta, da ta ga ina tauna karas sai ta miƙo wuya.

Abin da ba a ba su ko kaɗan: fiya, cakulan, shayi, kofi, goro, albasa, tafarnuwa, duk abin da ke da gishiri ko magi ko mai. Goron nan na nanata shi don tsofaffinmu na son gutsura wa aku, abin da ke cikinsa mai hana barci yana buga musu zuciya.

Gaskiya ne turaren wuta na yi musu illa?

Gaskiya ne, kuma a gidajenmu na ƙauye hayaƙi ya fi mage haɗari a wurin aku. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne, bayan huhu suna da wasu jakunkunan iska a jiki, abin da suka shaƙa yana ratsa su da sauri. Turaren wuta, maganin sauro na kunnawa, na fesawa, fiya-fiya, hayaƙin icce daga madafi, kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, hayaƙin janareto, ƙona leda da shara, duk a nisanta su da keji. Har kaskon suya na zamani wanda abinci ba ya kamawa, in ya yi zafi ƙwarai ba komai a ciki yana fitar da tiriri mai kashe tsuntsu cikin mintuna.

A gidana mun yi yarjejeniya da uwargida, in za ta yi turare sai an fitar da Tsanwa rumfa tukuna, ba a mayar da ita sai ƙamshin ya lafa. Sauro kuma gidan sauro nake rufa wa kejin.

Tawa tana fige gashin ƙirjinta har fata ta fito, me zan shafa mata?

Kar ka shafa komai, ba man kaɗanya ba man shafawa ba toka, mai yana ɓata gashi ya hana shi riƙe ɗumi kuma za ta lashe. Fara bambancewa tukuna. Akwai zubar gashi na al'ada da suke yi, tsoho ya faɗi sabo ya fito kamar ƙananan allurai, wannan ba ya barin fili. Figa kuwa za ka ga ƙirji ko cinya ko ƙarƙashin fiffike a sanƙo amma kai lafiya lau, don bakinta ba ya kaiwa can.

Dalilan suna da yawa, ciwon hanta, bushewar fata, ƙwari, kaɗaici, rashin barci, canjin gida ko rasuwar mai ita. Irin wannan jinsi kuma wani lokaci ba sa tsayawa a gashi, har naman suke ci su yi wa kansu rauni. In ka ga jini ko miki ranar nan za ka nemi likitan dabbobi, ba gobe ba. In bai kai haka ba, gyara abinci, ba ta wanka, ba ta abin saƙa, matso da kejin inda mutane ke zama ta riƙa ganin motsi. Kuma in ka gan ta tana figa kar ka ruga kana hana ta, sai ta gane hanyar kiranka ke nan.

Hunturu da bazara yaya kake yi da ita?

Su asali suna jure sanyi fiye da yawancin aku, tun da har inda ƙanƙara ke zuba suna rayuwa, amma can cikin sheƙarsu mai kauri suke kwana, ba a kejin waya da iska ke ratsawa ba, ga kuma tsufa. Daga Disamba zuwa Fabrairu a ɗaki take kwana nesa da taga, ranar da hazo ya yi yawa ba na fitar da ita. In rana ta ɗaga sai in kai ta ta sha hantsi kamar rabin awa, in ajiye mata faranti da ruwa mai ɗumi-ɗumi ta yi wanka da kanta don ƙurar na sa fata ƙaiƙayi. Ba a yi mata wanka da yamma.

Zafin Afrilu da Mayu ya fi ba ni tsoro, ranar da ake haura digiri 40. Ɗakin kwano da rana tanda ne. Ƙarƙashin bishiya nake rataye ta inda inuwa ba ta gushewa, in canza ruwa sau uku daga randa, in yayyafa mata. In ka ga ta buɗe baki tana haki ta ɗaga fiffike daga jiki, zafi ya yi mata yawa, a kai ta inuwa a jiƙa mata ƙafafu da ruwan randa, ba na ƙanƙara ba.

Tawa tana faɗowa daga sanda da dare, ya zan yi?

Riƙonta ne ya yi rauni. Sauko da sandunan ƙasa-ƙasa, ka saka masu kauri daban-daban na reshen bishiya, ba ƙarfe ko roba mai santsi ba, ka ƙara ɗan katako mai faɗi a lungu da za ta zauna ta huta da yatsu. Shimfiɗa tsohon tawul a ƙasan kejin ka ɗora takarda a kai. Ruwa da abinci su kasance kusa da inda take kwana. In ka tsara shi haka toh ka bar shi haka, mai yanar ido da ƙwaƙwalwa take tafiya a kejinta.

Ka duba kejin kansa ma. Ragar nan mai ƙyalli ta kejin kaji da tsohon fenti da tsatsa, aku na tauna su, ƙarfen na taruwa a jiki ya zama guba.

Mace ce ko namiji? Kuma za ta yi ƙwai ba miji?

A ido ba a bambance su, mace da namiji kamarsu ɗaya, sai gwajin jini ko na gashi. Kawu shekara da shekaru yana ce mata shi, sai da aka wayi gari da farin ƙwai a ƙasan keji. Suna yi ba miji kamar kaza, sai dai ba ya ƙyanƙyashewa. Ga tsohuwa abin haɗari ne don yana zuƙe mata ƙarfin ƙashi, kuma ƙwan na iya maƙalewa. In ta yi, kar ka ɗauke nan take sai ta sake wani, bar mata ta kwanta kamar mako uku ta gaji ta bari. Ka riƙa daka ɓawon ƙwai da aka tafasa kana barbaɗa mata kaɗan a abinci. Shafa bayanta da ƙarƙashin fiffike shi ke tayar mata da wannan, a tsaya a kai da wuya kawai. In ka gan ta a ƙasa ta kumbura tana nishi tana kaɗa wutsiya, maza likita.

Za a iya ajiye ta kusa da kaji da tattabaru?

Ban ba da shawara ba. Ciwon nan da ke share kaji lokacin sanyi yana kama aku, murar tsuntsaye ma da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 tana kama shi. In ana mutuwar kaji a gari Tsanwa ba ta fita tsakar gida, kuma in na taɓa kaji sai na wanke hannu da sabulu kafin in je wurinta. Akwai kuma cutar da mutum ke iya ɗauka daga busasshen kashin aku in ya shaƙi ƙurarsa, tana zuwa da zazzaɓi da tari, shi ya sa nake yayyafa ruwa kafin in share, kuma ba na barin yara su ba ta abinci baki da baki.

Yaushe ne dole sai likita, kuma ina ake samu?

Tsuntsu ɓoye ciwo yake, don a daji wanda ya nuna rauni shi shaho ke ɗauka, toh duk ranar da ka ga alama a fili abin ya jima. In ta kumbura gashi ta zauna a ƙasan keji, in ta ƙi ci yini guda, in wutsiya na sama da ƙasa da kowane numfashi, in farin da ke cikin kashinta ya koma rawaya ko kore, in hanci na ruwa, kar a jira. Na sayi ɗan sikelin kicin mai batir ina auna ta duk Juma'a da safe kafin ta ci in rubuta a bayan littafi, in ta sauke giram 10 ba dalili na san akwai magana tun kafin ido ya gani.

Fara da asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko na Dutse ko Kano, ka tambaya ko akwai wanda ya saba da tsuntsayen gida. In abin ya yi nauyi akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya. Kar a jefa mata farasitamol ko jan kafso ko maganin kaji a ruwa da ka, abin da kaza mai kilo biyu za ta ɗauka ita kashe ta zai yi. In za a yi tafiyar a saka ta a ƙaramin kwali mai huda da tawul a ƙasa, a tafi da sassafe kafin rana.

Baba ya ce tsare tsuntsu a keji zalunci ne, ba gara ka sake ta ba?

Na girmama maganar Baba don tausayi ne ya sa ya faɗa. Abin da malamai suka karantar da mu shi ne ajiye tsuntsu ya halatta in ana ba shi haƙƙinsa, suna kafa hujja da ƙaramin yaron nan ƙanin Anas ɗan Malik da yake da ɗan tsuntsu Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tambayarsa labarinsa, sannan suna tsoratarwa da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Tsanwa a hannun mutane aka ƙyanƙyashe ta, ba ta taɓa neman abinci da kanta ba, ido ɗaya, fiffike ba ƙarfi. In na sake ta yau ba za ta kai magariba ba tsakanin shirwa da muzuru da yara masu danƙo. Ko masu ƙuruciyar ma ba a sakinsu a ƙasar da ba tasu ba, a Ajantina manoma na kuka da su kan masara da dawa, jihar Kalifoniya ta Amurka ma ta hana ajiye su gaba ɗaya saboda haka.

Abin da nake iya yi shi ne kullum tana fita keji awa biyu ko uku a ɗaki, ƙofa a rufe, fanka a kashe, an kori mage.

Tawa ni kaɗai take yarda da shi, in na yi tafiya ba ta ci. Ya zan yi?

Haka suke, su zaɓi mutum ɗaya su riƙe, har kishi suke in wani ya zauna kusa da kai. Daɗi ne da shi amma illa ce gare ta, na ga abin da ya same ta da kawu ya tafi. Shi ya sa tun bara na fara haɗa ta da babbar 'yata mai shekara 13. Ita ke kawo abincin safe, ita kaɗai ke ba da rabin gyaɗar nan, ni na daina. Watannin farko ta sha cizo har ta yi fushi ta ce ta bari, na lallashe ta na nuna mata ta riƙa zuwa ta dama tana kiran suna, ta miƙa sanda maimakon hannu. Na kuma rubuta komai a takarda na liƙa a bangon ɗakin, abin da take ci da wanda ba ta ci, lokacin barci, lambar likita.

Da na je Hadejia kwana uku a watan jiya na dawo na tarar nauyinta bai ragu ba, ginin karanta ma ya ƙaru ta gefen ƙofa. Yarinyar ta ce a kwana na biyu Tsanwa ta sauko da kanta ta hau sandar, ta tako har wuyan hannunta ta tsaya.